Yadda Ake Hawa Motar Igiya Ta Eyüp A Istanbul, Daga Hubbaren Abu Ayyub Zuwa Tudun Piyer Loti

Motar igiyar da ke unguwar Eyüpsultan a Istanbul, wadda Turkawa ke kira teleferik, tafiyarta duka ba ta cika minti 3 ba. Tsawon layin mita 384 ne, tashoshinsa biyu kacal: ɗaya a gindin tudu kusa da bakin ruwan Haliç, wani reshen teku da ya shiga cikin birnin, ɗaya a saman tudun Piyer Loti. An buɗe shi a 2005, kamfanin Metro İstanbul na hukumar birnin ne ke gudanar da shi, lambarsa a taswirar jiragen birni kuma TF2. Hawan kansa ba shi da wuya ko kaɗan. Abin da ke ɓata wa baƙo rana shi ne ya zo a lokacin cunkoso, ko katinsa ba kuɗi, ko ya fara haurawa sama ya bar ziyarar hubbaren sai daga baya. Duka ukun kuwa tun daga masauki ake maganinsu.

Me ya sa layi ke tsawo

Taragu huɗu ne gaba ɗaya, an haɗa su biyu-biyu, kowanne na ɗaukar mutum 8. A maƙale suke da igiyar, ba sa sakinta, kuma tafiyarsu irin ta guga biyu ce a kan kwarkwaro ɗaya: biyu na hawa, biyu na sauka, su haɗu a tsakiya su wuce juna. Ke nan kowane tashi mutum 16 yake kwashewa daga ƙasa, kuma idan ana cikin hada-hada, tsakanin tashi da tashi kusan minti 5 ne idan an haɗa da sauke mutane da ɗaukar wasu.

Wannan lissafin shi ne zai yi maka amfani a bakin tasha. Ka ƙiyasta mutanen da ke gabanka, ka raba da 16, ka ninka da 5. Mutum 30 a gabanka jiran minti 10 ne, ba komai. Mutum 100 kuwa tashi bakwai ne, fiye da rabin sa'a ke nan a tsaye, alhali mai ƙafa lafiyayye zai hau tudun ta hanyar maƙabarta cikin minti 20 zuwa 25. Ba a iya ƙara taragu don mutane sun yi yawa, don haka idan layi ya yi tsawo, ya yi ke nan.

Zaɓen rana da lokaci

Ana buɗewa ƙarfe 8 na safe, a rufe ƙarfe 10 na dare, a lokacin zafi akan ƙara zuwa ƙarfe 11. Agogon Turkiyya na gaban na Najeriya da Nijar da sa'a 2 duk shekara, ka tabbata wayarka ta juya.

Ranakun da suka fi daɗi su ne Litinin zuwa Alhamis. Ranar Juma'a masallacin Eyüp Sultan, inda hubbaren Abu Ayyub yake, na cika har harabarsa, kuma da an sallame sallah wani kaso na jama'ar ya nufi tasha. Asabar da Lahadi na iyalai ne, da amare da angwaye masu ɗaukar hoto, da yara maza sanye da fararen kaya irin na 'ya'yan sarauta waɗanda ake kawowa ziyara kafin a yi musu kaciya. Sallar asuba ta ranar Lahadi ma a masallacin nan al'ada ce mai tara mutane daga unguwanni masu nisa. A watan azumi da ranakun Sallah kuwa, tun daga la'asar unguwar ba masaka tsinke.

Akwai abin da masu zuwa da sassafe ba sa lura da shi sai sun hau. Dandalin kallo da ke sama yana fuskantar kudu maso gabas ne, wato da safe rana na dukan idonka, birnin ya zama inuwa-inuwa a hoto. Da yamma rana na bayanka, haskenta ya sauka a kan masallatai da ruwa, amma a lokacin ne kowa ke son hawa. Mafita ita ce ranar aiki, ka yi azahar a masallaci, ka hau tsakanin ƙarfe 2 da 4. Layi bai yi tsawo ba tukuna, rana kuma ta riga ta karkata. Ka lura da tsawon yini: a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan 8:30 na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 6 ta faɗi, don haka a hunturu ka matso da komai gaba da sa'a guda.

Katin Istanbulkart

Ba a sayar da tikitin yawon buɗe ido na musamman a nan. Motar igiyar na cikin sufurin birni, da katin Istanbulkart ake shiga, irin wanda ake hawa taram (jirgin ƙasa mai bin titi) da bas da jirgin ruwa da shi. Ana sayensa a injinan Biletmatik da ke tashoshi, ana iya sauya harshen allon zuwa Larabci ko Ingilishi. Kuɗin katin daban, kuɗin da za a loda masa daban. Wanda ya biya kuɗin kati kawai ya nufi ƙofa, allo zai nuna masa yetersiz bakiye, ma'ana kuɗi bai isa ba, ga mutane a bayansa suna jira.

Farashi na sauyawa a kai a kai saboda faɗuwar darajar lira, kuɗin Turkiyya, don haka da yawan shiga za ka yi lissafi. Wanda ya taso daga unguwar Laleli zai taɓa kati a taram na farko, ya taɓa a na biyu, ya taɓa a motar igiya, sannan dawowa. Ka loda abin da zai ishi shiga shida ga kowane mutum. Katin baƙo wanda ba a yi masa rajista da suna ba yana biyan cikakken kuɗi a kowace ƙofa, ba ya samun rangwamen sauya jirgi da 'yan gari ke samu, amma ana iya taɓa shi wa abokan tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ka riƙe takardun lira ƙanana masu kyau, don injin na tofo tsohuwar takarda ko wadda ta yamutse, kuma abin da ka zura duka yake lodawa, ba ya ba da canji. Kada ka dogara da katin bankinka na gida. Sannan ka loda tun a tashar farko inda injina ke da yawa, domin layin injin da ke gindin tudu wani jiran ne na daban.

Hanyar zuwa

Galibin 'yan kasuwarmu a Laleli da Aksaray suke sauka, don haka daga can za a fara. Ka hau taram T1 wanda aka rubuta wa Kabataş. Daga tashar Laleli zai bi Beyazıt, Çemberlitaş, Sultanahmet, Gülhane, Sirkeci, ka sauka a Eminönü, tasha ta shida. Wannan layin cike yake kusan kullum kuma masu yankan aljihu sun san shi, jaka a gaba, waya ba a aljihun baya ba. A Eminönü za ka fita daga T1 gaba ɗaya, ka bi bakin ruwa ka wuce bakin gadar Galata zuwa wajen tashar bas, can ne T5 ke farawa. Tafiyar 'yan mintoci ce, akwai alamomi. T5 na bin gaɓar Haliç: Küçükpazar, Cibali, Fener, Balat, Ayvansaray, Feshane, sai ta bakwai Eyüpsultan Teleferik. Kada ka sauka a Feshane don ka hangi hasumiyar masallaci, kada kuma ka wuce zuwa Eyüpsultan Devlet Hastanesi, tashar asibiti ce. Idan wani ya ce maka T5 a Cibali yake tsayawa, tsohon labari ne, tun 2023 aka kai shi Eminönü.

Wanda ke Osmanbey ko Şişli ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa M2 zuwa Mecidiyeköy, ya koma M7 zuwa Alibeyköy, ya hau T5 mai zuwa Eminönü. Mai tasowa daga babban filin jirgin sama, idan yana da bizar shiga gari, M11 zai kai shi Kağıthane ya kama M7 ɗin nan.

Hanya mafi kyau ga wanda ba ya sauri ita ce jirgin ruwan Şehir Hatları na layin Haliç, mai tasowa daga Üsküdar ya tsaya a Karaköy, ya riƙa tsallaka gaɓa zuwa gaɓa har Eyüp, tasharsa ta ƙarshe. Da katin Istanbulkart ɗin nan ake shiga. Aibinsa kawai shi ne kusan sau ɗaya yake tashi a sa'a, sai ka duba jadawali kafin ka fito, in ba haka ba ka yi zaman jiran da ya fi tafiyar tsawo. Tasi kuwa ba mu ba da shawara ba da yamma, titin bakin ruwa na cushewa mita na ta ci. In ya zama dole, ka tabbata an kunna mita kafin mota ta motsa.

Fara da ziyara

Daga tashar taram zuwa masallaci tafiyar minti 5 ce, daga masallaci zuwa tashar motar igiya ma haka. A fara da masallaci. Dalili shi ne hubbaren na da nasa lokacin buɗewa, ana kuma rufe shi tun motar igiya na aiki, ga shi wanda ya hau sama ya zauna shan shayi ba ya sauka a lokacin da ya ƙudurta.

Wanda ke kwance a nan shi ne Abu Ayyub al-Ansari, Khalid ɗan Zaid, Allah Ya ƙara masa yarda, sahabin da Manzon Allah (SAW) ya sauka a gidansa da ya iso Madina. Ya fito yaƙin Ƙusɗanɗiniyya, wato Istanbul ta yau, a zamanin Mu'awiya yana dattijo, ya rasu wajen shekara ta 50 zuwa 52 bayan Hijira, aka binne shi kusa da ganuwar birnin. Bayan Sultan Muhammadul Fatih ya ci birnin a 1453, ruwayar Turkawa ta ce malaminsa Akşemseddin ne ya nuna inda kabarin yake, aka gina hubbare da masallaci a 1458. Ginin masallacin da ake gani yanzu ba shi ne na farko ba. Girgizar ƙasa ta 1766 ta lalata wancan, Sultan Salim na Uku ya sake ginawa, aka gama a 1800. A da, a nan ne ake rataya wa sabon sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya takobi idan ya hau mulki, hanyar da yake bi kuwa, Cülus Yolu, tana nan a gefen masallacin tsakanin kaburburan manya.

Hubbaren na fuskantar ƙofar masallaci, tsakar gida mai tsohuwar bishiya ce ta raba su, bangonsa lulluɓe da tayil mai shuɗi. Ana cire takalmi a sa a leda a riƙe a hannu. Mata su zo da mayafi, wanda ga matanmu ba sabon abu ba ne, kuma suna da nasu sashen a masallaci da wurin alwala. A ciki ba a zama, layi ne mai tafiya: ka yi sallama, ka yi addu'a, ka ba na baya wuri. Idan ka tarar an rufe, akwai taga mai ƙarfen rawaya da ke kallon tsakar gida, daga nan mutane ke yin sallama. Abu biyu da kan ba ɗan ƙasar Hausa mamaki: alƙibla a Istanbul kudu maso gabas take, ta fi karkata kudu, don haka kada ka tsaya ka fuskanci gabas bisa sabo idan sallah ta kama ka a waje, sannan ruwan alwala a watan Janairu sanyinsa na shiga ƙashi. Mai hikima ya fito da alwalarsa daga masauki.

A tasha da cikin tarago

Ƙofar shiga an rubuta mata giriş, ta fita çıkış. Ka ɗora kati a kan allon ƙofa, ka jira ƙara da koren haske sannan ka tura. Idan kuna da yawa a kati ɗaya, mai katin ya tsaya a baya ya taɓa wa kowa, shi ya shiga ƙarshe. Kuskuren da aka fi yi shi ne mai kati ya wuce da farko, sauran su maƙale a waje, a koma miƙo kati ta saman shinge.

Ma'aikaci ne ke ƙirga mutane yana raba su takwas-takwas. Iyalin da ya fi takwas dole a raba shi, amma ba abin damuwa ba ne tunda taragun biyu tare suke tashi tare suke isa, sai dai kowane yaro a haɗa shi da babba. Nauyin da tarago ɗaya ke ɗauka kilo 650 ne, wato kusan kilo 80 ga kowane mutum, kuma wurin ƙafa kaɗan ne. Buhunan sayayya a bar su a masauki. Keken jariri a naɗe shi kafin a iso gaba.

Taragun na tsayawa cak a tasha, ba shiga ake yi suna tafiya ba, don haka tsoho ma zai shiga a natse. Masu babbar riga da dogon hijabi su tattare gefen tufa kafin ƙofa ta rufe. Kujeru biyu ne masu kallon juna. Idan ka samu zaɓi, zauna kana fuskantar ƙasa, inda aka baro, domin ta nan ruwa da birni ke buɗewa yayin da ake hawa. Mai fuskantar sama ganin tudu da itatuwa kawai zai yi. Ka buɗe kyamara tun kafin a tashi, minti 3 ba ya jiran mai neman waya a jaka, kuma ka manna ta da gilashi don kauce wa ƙyalli.

A tsakiyar hanya za ka ji ɗan gungurawa da girgiza sa'ad da tarago ke wuce turken da ke riƙe da igiya. Haka yake, ba lalacewa ba ce. Wani lokaci kuma tafiyar ta ragu ko ta tsaya na ɗan lokaci a sama. Galibi iska ce: akwai na'urar auna ƙarfinta, idan ta wuce ƙima sai tsarin ya rage gudu ko ya tsayar da kansa don kada tarago ya yi lilo. Idan wuta ce ta ɗauke, akwai injin dizal na ajiya da ke jawo taragun a hankali zuwa tasha. Abin da ake so gare ka shi ne ka zauna, kada kowa ya taru a gefe ɗaya, kada a taɓa ƙofa. Lambar gaggawa a Turkiyya 112 ce. Mai tsoron tsayi ya zauna a tsakiyar kujera ya kafa ido a kan gaɓar da ke nesa, kada ya leƙa ƙasa.

Iskar da ta fi hana aiki ita ce lodos, mai kaɗowa daga kudu maso yamma, an fi samunta daga kaka zuwa ƙarshen hunturu. Alamarta mai sauƙi: ranar da ka ji an soke jiragen ruwa, kada ka sa rai da motar igiya. Akan kuma rufe layin na wasu kwanaki don gyaran shekara. Kafin ka fito ka duba shafin Metro İstanbul ko manhajarsu, idan ka ga kapalı ko bakım a gaban TF2, an rufe ke nan ko ana gyara.

A saman tudu

Da ka fito akwai dandalin kallo, kyauta ne, ba sai ka sayi komai ba. Haliç ce shimfiɗe a gabanka, wani reshen teku mai tsawon kusan kilomita 7 da rabi wanda shi ne tsohuwar tashar jiragen ruwan birnin tun zamanin Rumawa. Ƙananan tsibirai biyu na ƙasa da kai, a tsallake unguwar Sütlüce ce da babban zauren taro a bakin ruwa, can gaba gadar Haliç, daga nesa kuma hasumiyoyin tsohon birni idan sararin sama ya washe. Ranar hazo ko ruwan sama rabin wannan ba ya ganuwa, gara a ɗage.

Sunan tudun na wani hafsan sojan ruwan Faransa ne kuma marubuci, Julien Viaud, wanda ya yi suna da Pierre Loti. Ya zo Istanbul a 1876, ana cewa a gidan gahawar da ke nan yake zama. Gidan gahawar na nan da teburansa masu jan ƙyalle mai gida-gida. Teburan bakin shinge su ake rububi, idan babu ka zauna a na baya ka sa ido, mutane ba sa daɗewa. Ka nemi takardar farashi kafin ka yi oda, domin kuɗin kallo na cikin kuɗin shayi, ya fi na cikin gari. Baƙin shayi ne a ƙaramin kofin gilashi, ba madara. Gahawar Turkawa tun wajen oda ake faɗin yawan sukari, kuma ba a shanye gindin kofi, tsaki ne. A hunturu ka nemi salep, abin sha mai kauri na madara da kirfa. Abinci mai nauyi kuwa ka bari sai ka sauka, gidajen abincin da ke kewayen masallaci sun fi araha da yawan zaɓi. Sama ta fi ƙasa iska, ko a bazara ka riƙe rigar sanyi mara nauyi idan za ka kai magariba.

Saukowa

Ga mai lafiyar gwiwa, a hau da igiya a sauko da ƙafa. Hanyar na farawa daga gefen gidan gahawa, ta gangara cikin maƙabartar Eyüp har bayan masallaci, minti 15 zuwa 20. Mutane sun yi ta neman a binne su kusa da sahabin tsawon ƙarnuka, shi ya sa tudun duka kaburbura ne, tsofaffi da sababbi a cakuɗe. A nan aka binne Fevzi Çakmak, babban hafsan sojan Turkiyya na farkon jamhuriya. Duwatsun zamanin daular na da nasu bayani ko ga wanda ba ya karanta rubutun: na maza an sassaƙa musu rawani ko hula a ka, siffar rawanin na nuna malami ne ko ma'aikacin fada ko ɗan ɗariƙa, na mata kuma furanni. Rubutun da harafin Larabci yake amma harshen Turkanci ne, sai dai mai karatun allo zai gane Huwal Baƙi a sama da neman Fatiha a ƙasa. Maƙabarta ce da har yanzu ake ziyarta, a rage murya, kada a zauna ko a taka kan kabari don ɗaukar hoto.

Hanyar shimfiɗe take da ƙananan duwatsu, idan an yi ruwa tana santsi, silifas da takalmi mai tsini ba nata ba ne. Ka tsaya a babbar hanyar da jama'a ke bi, ƙananan rassan na shiga cikin kaburbura su ɓace. Bayan duhu kada ka bi ta kai kaɗai. Tsofaffi, masu ciwon gwiwa da masu keken jariri su koma ta motar igiya, su tuna saukowa ma sai an sake taɓa kati, kuma layin sama na tsawo daidai bayan faɗuwar rana sa'ad da kowa ya miƙe lokaci ɗaya. Ko ka riga su da minti 20, ko ka ƙara shayi ɗaya ka bari su ragu, amma ka iso ƙofa da sauran aƙalla rabin sa'a kafin rufewa.

Idan ka sauko, tashar T5 da ta jirgin ruwa duk suna bakin ruwa kusa da juna. Ka fara duba lokacin jirgin ruwa, in ya kusa ka bi shi zuwa Karaköy, inda T1 mai zuwa Bağcılar zai mayar da kai Laleli ko Aksaray ba tare da sauyi ba. In da saura, T5 ba ya daɗewa bai zo ba.